Tsakanin Wuta da Gobara: Darasi a kan Kalmomi da Kiyaye Kai

1.0 Gabatarwa

Da zarar hunturu ya kama, wato daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wuta takan zama abokiyar hira a ƙasar Hausa. Da asuba za ka ga tsofaffi da yara sun kewaye wutar kara suna jin ɗumi, da dare kuma almajirai sun tara yayi sun hura wuta suna karatun allo a haskenta. Mu ma ɗalibai muna da namu rabon. Idan an fita ƙauye aikin tattara bayanai akan yi hira a bakin wuta, kuma duk wanda ya gama digiri ya tafi sansanin masu yi wa ƙasa hidima zai tarar da daren da ake hura babbar wuta a fili, a yi ta kiɗa da rawa kafin a rufe sansani.

Sai dai wannan lokaci na jin ɗumi shi ne kuma lokacin da gobara ta fi tashi. Manufar wannan maƙala ita ce a duba kalmomin da Bahaushe yake amfani da su a kan wuta, domin a cikinsu akwai darasi iri biyu. Na farko darasin harshe ne ga mai koyon Hausa. Na biyu kuwa darasi ne na yadda za a hura wuta a fili, a more ta, a tashi lafiya ba tare da an bar wa mutanen wurin bala'i ba.

2.0 Wuta daban, gobara daban

Mu da muka koyi Hausa a matsayin harshe na biyu mun taso da harsunan da kalma ɗaya kan ɗauki nauyin duka biyun. Bayarabe yakan ce "ina", Ibo kuma ya ce "oku", ko ta girki ce ko wadda ta cinye kasuwa, sai dai a ƙara wata kalma don bayani. Hausa kuwa ta ware kalma guda domin wutar da ta kuɓuce tana ɓarna, wato gobara. Duka kalmomin biyu jinsin mace ne, amma ba sa tafiya da aikatau iri ɗaya. A dubi waɗannan jimloli:

(a) Ladi ta hura wuta.
(b) Audu ya iza wutar.
(c) Gobara ta tashi a kasuwa.
(d) An yi gobara a unguwarmu jiya.

A jimla ta (a) da ta (b) mutum ne aikau, wuta kuma karɓau ce, wato tana hannun mai ita. A jimla ta (c) gobarar ce da kanta aikau, a ta (d) kuwa ba a ambaci kowa ba. Bahaushe ba ya cewa "ya hura gobara" ko "ta iza gobara". Idan ana son a ɗora wa wani alhaki sai a ce "ya jawo gobara" ko "ya haddasa gobara". Ke nan nahawun kansa ya nuna mana bambancin: wuta tana da mai ita, gobara ba ta da ubangida. Idan a jeji ta tashi akan ce gobarar daji ko wutar daji, shi kuma aikin sa wa jeji wuta da gangan shi ne ƙunar daji.

3.0 Wuta a matsayin abu mai rai

Wani abin lura shi ne yadda Hausa take magana a kan wuta kamar dabba. Masu nazarin salo suna kiran irin wannan dabbantarwa. Wuta tana "ci", kamar a ce "wuta tana ci" ko "wuta ta ci rumbu uku". Tana da "harshe", wato harshen wuta, mai lasar abin da ke kusa da shi. Icen da gefensa ɗaya yake ci sunansa "bakin wuta". Ana "kashe" ta, kuma idan ta ƙare a ce ta "mutu".

Wannan hoto yana da amfani ƙwarai ga wanda zai hura wuta a fili. Mai dabba yakan kafa mata turke, ya ba ta abinci daidai cikinta, ya sa mata ido kada ta shiga gonar mutane. Haka ita ma wuta take bukata: wurin da aka keɓe mata, makamashi daidai gwargwado, da mai tsaronta. Inda suka rabu da dabba shi ne ita wuta ba ta ƙoshi, kuma ba a barin ta ta kwana da rai. Malamai sukan kafa hujja a kan haka da wani hadisi da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, sai Annabi (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta barci.

4.0 Muhimman kalmomi

4.1 Makamashi. Duk abin da wuta take ci makamashi ne. Mafi ƙanƙanta shi ne yayi, wato busasshiyar ciyawa da ganye da tarkacen kara, kuma kada a rikita shi da "ya yi" wajen rubutu. Sai ƙirare, wato ƙananan busassun rassa. Sai kara, sai itace, sai gungume. Yayi da kara suna saurin kamawa su yi saurin mutuwa, gungume kuwa yana da wuyar kamawa amma yana iya kwana yana ci a hankali.

4.2 Abin da wuta ke haifarwa. Akwai hayaƙi, da harshen wuta, da tartsatsi, wato 'yan ƙananan ɓurɓushin wuta masu tashi sama. Idan harshen ya kwanta sai a sami garwashi. Garwashin da ya lafa a cikin toka mai zafi shi ne rushi, irin wanda ake gasa dankali ko rogo a ciki. Wanda ya mutu ya yi baƙi shi ne gawayi, farin garin da ya rage kuma toka. Wajibi ne a riƙe bambancin rushi da toka, domin a ido kamarsu ɗaya, alhali ɗaya yana da rai ɗaya ba shi da shi.

4.3 Aikatau. Ana ƙyasta ashana, a kunna fitila, a hura wuta. A iza ta, wato a tura itace ciki. A rura ta, wato a sa ta ƙara ƙarfi, kuma daga nan aka sami "rura wutar rikici". Akwai kuma "cinna" da "banka", waɗanda suke tafiya da "wa": ya cinna wa ciyawa wuta, sun banka wa daji wuta. Waɗannan biyu galibi suna ɗauke da ma'anar ganganci ko mugunta. Haka nan a lura da "ƙona" da "ƙone". Ƙona aikatau ne giredi na 1 mai son karɓau: manomi ya ƙona shara. Ƙone kuwa giredi na 4 ne mai nuna abu ya ƙare ƙaf, kuma yana iya zuwa ba karɓau: gonar ta ƙone.

4.4 Amsa-kama. Wuta tana ci bal-bal ko ganga-ganga. Garwashi ya yi ja wur. Ɗaki ya ƙone ƙurmus. Toka ta yi sanyi ƙalau. Wannan ta ƙarshe ita ce alamar da mai hura wuta zai jira kafin ya bar wurin.

5.0 Yadda wuta take zama gobara

Masana kimiyya sun ce wuta ba ta ci sai abu uku sun haɗu: makamashi, da zafi, da iskar oksijin. Idan aka raba ta da ɗaya daga ciki sai ta mutu. Ruwa yana ɗauke zafi, ƙasa tana toshe iska, share ciyawa kuma yana hana ta abinci. Matsalar hunturu ita ce yakan tanadar wa wuta duk abin da take so. Iskarsa tana busowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, ba ta ɗauke da laima. Dogayen ciyayi irin su gamba da tofa da kyasuwa, waɗanda suka yi tsawo da damina, duk sun bushe. Amfanin gona kuma yana waje: dammunan gero da dawa, da harawa a kan bishiya, da rumbuna masu jinka, da dangar kara ko zana. A irin wannan yanayi tartsatsi guda ya isa, kuma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Bayan iska akwai yanayin ƙasa. Wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu, saboda zafinta yana busar da ciyawar da ke sama da ita tun kafin harshen ya iso. Masu kashe gobarar daji suna ƙiyasta cewa gudunta yakan ninka duk lokacin da tudun ya ƙara miƙewa da digiri 10. Haka kuma iska tana ɗaukar tartsatsi ta tsallakar da shi hanya ko rafi, sai sabuwar wuta ta tashi a gaban ta farko.

Misalin da zai nuna mana girman abin ya faru a jihar Arizona ta Amurka. A ranar 29 ga Mayu, 2011, wasu mutum biyu da suka kwana a daji suka tafi yawo suka bar wutar da suka hura, suna zaton ta mutu. Iska ta tashe ta. Gobarar, wadda aka sa wa suna Wallow, ta yi fiye da wata guda tana ci, ta ƙone sama da hekta 200,000, wato fiye da rabin faɗin jihar Legas, har ta tsallaka jihar New Mexico. Daga baya kotu ta umarce su da biyan diyyar dala miliyan 3.7. Ba mugunta suka yi niyya ba. Rushi suka ɗauka toka ce.

Kada kuma mu da ke kudu mu ɗauka cewa kurmi ba ya ƙonewa. A shekarar 1983, bayan fari mai tsanani, gobarar daji ta ratsa ƙasar Gana har cikin yankin kurmi, ta cinye gonakin koko da na abinci, ta ƙara wa mutane yunwa a kan wadda suke ciki. Wannan ne ya sa gwamnatin ƙasar ta kafa dokar hana ƙunar daji a shekarar, ta kuma sake ta da wata a 1990. Hunturun da ya busar da kurmin Gana shi ne yake sauka har Legas da Inugu, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A Nijeriya ma akwai ƙa'idojin hana ƙunar daji da ƙone-ƙone a fili waɗanda aka fitar a 2011 a ƙarƙashin hukumar NESREA.

Ya kamata a faɗi cewa ba kowace ƙunar daji ce gobara ba. Ma'aikatan gandun daji a Afirka ta Yamma sukan ƙona ciyawa da gangan a farkon rani, lokacin da take da sauran danshi, domin wutar ta ci a hankali ta rage makamashin da zai ciyar da babbar gobara a ƙarshen rani. Wannan wuta ce mai ubangida. Wadda take zama bala'i ita ce ta mafaraucin da ya cinna wa jeji wuta don ya kori gafiya, ko mai ɗiban zuma da ya yar da bakin wuta a gindin bishiya, ko mai shan taba da ya jefar da guntu, ko matafiyin da ya ji ɗumi ya tashi ya yi gaba.

6.0 Ƙa'idojin hura wuta a fili

1. A nemi izini. Idan ƙauye aka je, a tambayi mai unguwa ko mai masauki inda ya dace. Su suka san inda rumbuna suke da inda iska take bi. A gandun daji kuwa sai inda ma'aikata suka nuna.

2. A dubi iska. Idan tana kaɗa rassa tana tayar da ƙura, a haƙura da wuta a ranar, a nemi bargo.

3. A zaɓi fili mai ƙasa ko yashi, nesa da danga da jinka da tanti da dogayen ciyayi da aƙalla mita 5, kuma kada ya zama ƙarƙashin bishiya.

4. A share wurin. A sa fartanya a kankare ciyawa da yayi har a ga ƙasa, faɗin mita 3 a kewaye. Wannan dabara ce ake amfani da ita a yankunan makiyaya na Jamhuriyar Nijar, inda bayan damina akan share dogayen tsirin fili a cikin makiyaya domin idan gobara ta zo ta rasa abin ci ta tsaya.

5. A kafa mata turke. A haƙa ɗan rami a jera duwatsu a kewaye kamar murhu. Kada a ɗauko duwatsun cikin rafi, domin ruwan da ke cikinsu yana iya sa su fashe idan sun yi zafi.

6. A ajiye bokitin ruwa da shebur a kusa tun kafin a ƙyasta ashana.

7. A fara da yayi, sannan ƙirare, sannan itace. Kada a zuba fetur ko kananzir. Tururin fetur yana kamawa tun daga nesa, kuma wuta tana bin sa har cikin galan ɗin da ke hannun mai zubawa.

8. A bar ta ƙarama. Wutar da harshenta bai wuce gwiwa ba ta isa jin ɗumi da gashin masara. Sauran itacen a tara shi nesa, ta ɓangaren da iska take fitowa. Kada a jefa leda ko roba ko gwangwanin turare da na maganin sauro a ciki.

9. A naɗa mai tsaro, mutum guda da kowa ya san shi ne mai wutar. Inda aka ce kowa ne mai lura, a ƙarshe ba wanda ya lura. A kuma kula da yara da masu manyan riguna da mayafai, musamman na yadin roba.

10. A kashe ta har ta mutu. A zuba ruwa har ƙarar "cuu" ta daina, a juya tokar da shebur, a sake zuba ruwa, sannan a kawo bayan hannu kusa a ji. Idan da sauran ɗumi, da sauran aiki. Idan ruwa ya yi ƙaranci a gauraya rushin da ƙasa ana juyawa har ya huce. Binne shi kawai ba ya kashe shi, sai ma ya adana zafin har wayewar gari, yaro ko dabba su taka, ko iska ta tone shi.

Akwai wani haɗari da ke biyo bayan hira. Wasu sukan kwashi garwashi a kasko su shiga da shi ɗaki su rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana cikin barci. Garwashi ba abokin kwana ba ne.

7.0 Idan abu ya ɓaci

Idan wuta ta tsallake turkenta tana ƙarama, a yi kururuwa a taru a kanta da ruwa da ƙasa da rassa masu ɗanyen ganye, ana bugun ta daga gefe da baya. Idan ta fi ƙarfi a bar ta, a sanar da mutanen gari, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112. Kada a gudu sama kan tudu, kada kuma a bi inda iska ta nufa. A nemi hanya ko rafi ko fili marar ciyawa, ko wurin da ya riga ya ƙone.

Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga da gudu, domin gudu rura wutar yake yi. Ya kwanta ya yi ta birgima, ko a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna kuma maganinta na farko shi ne a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, sannan a tafi asibiti. Kada a shafa manja ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko gishiri.

A al'adar Hausawa wanda gobara ta shafa ana zuwa yi masa jaje, kuma ya kamata ɗalibi ya san abin da ake faɗa. Akan ce, "Ashe abin da ya faru ke nan? Sannu. Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba." Shi kuma ya amsa, "Amin, na gode." Sau da yawa maƙwabta sukan haɗa da gudummawar hatsi ko tufafi ko kuɗi, domin wanda rumbunsa ya ƙone a watan Disamba abincin shekara guda ya rasa, kuma sai wata kakar zai sake girbi.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda Hausa ta raba wuta da gobara, da yadda ta ɗauki wuta a matsayin abu mai ci da mutuwa. An kawo kalmomin makamashi da na aikatau da amsa-kama, sannan aka nuna yadda iska da busasshiyar ciyawa da sakaci suke mayar da wutar jin ɗumi gobara. Bahaushe yakan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma shi ne kuma ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka duk ɗalibin da ya ƙyasta ashana a fili ya sani shi ne mai wannan wuta, kuma nauyinta yana kansa har sai tokar ta yi sanyi ƙalau. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.

Aikin gwaji

1. Kawo bambancin da ke tsakanin garwashi da rushi da gawayi da toka.
2. Gina jimla ɗaya-ɗaya da waɗannan aikatau: hura, iza, rura, cinna, ƙone.
3. Me ya sa ba a cewa "ya hura gobara"? Yaya ya kamata a ce?
4. Kalmar wuta tana da wasu ma'anoni, kamar a "an ɗauke wuta" da "sojoji sun buɗe wuta". Bayyana su, ka kuma kawo ƙarin misali biyu.
5. Rubuta gajeriyar tattaunawa tsakanin ɗalibi da mai unguwa, inda ɗalibin yake neman izinin hura wuta a bayan gari.